Waya Ta Kawo Labarin Farashi, Amma Wa Ke Cin Ribarsa? Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwar Albasa Na Aliero

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Tambayarka ta iso gare ni, kuma ga yadda na fahimce ta. Ka shafe fiye da shekara ashirin kana sayen albasa a hannun manoma a Aliero da ƙauyukan kewaye, kana lodinta zuwa Ibadan da Legas. Yanzu ɗanka da ya gama karatu ya shigo harkar, yana matsa maka lamba a buɗe shafukan Facebook da TikTok da sunan kasuwancin, a riƙa samun masu saye kai tsaye, a daina ba dillalai la'ada. Kana son sanin ko hakan zai ƙara riba da gaske, sannan ka haɗa da wata tambaya mafi faɗi, wato ko waɗannan kafafe sun ƙari tattalin arzikin jiharmu ta Kebbi da wani abu, ko kuwa kuɗin data kawai suke kwashewa. Na daɗe ina duba littattafan lissafin ƙananan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Argungu, saboda haka da idon mai lissafi zan amsa maka. Maganar ɗanka akwai gaskiya a cikinta, sai dai bai tono ta har gindi ba.

Abin da ya kamata mu fara dubawa shi ne inda kuɗi ke zurarewa tsakanin fadamar da aka cire albasa da tukunyar mai girki a Legas. Wani kaso yana tafiya wajen neman labari: nawa ake sayar da buhu yau, a wace kasuwa, mota nawa ta riga ta isa. Wani yana tafiya wajen samun mutumin da za a yarda da shi a ba shi kaya. Akwai wahalar karɓo kuɗi da dawo da su gida lafiya, akwai kuma dako da ajiya da abin da ke ruɓewa a hanya. Waya ba ta taɓa waɗannan daidai da juna ba. Kuɗin neman labari ta kusa shafe shi, wahalar karɓar kuɗi ta rage ta ƙwarai, yarda kuwa ta ɗinke ta a wani gefe ta kuma buɗe mata ɓaraka a wani, dako da ruɓewa kuma suna nan yadda ka san su. Duk abin da zan faɗa maka daga wannan rabon yake fitowa.

Ka fi ni tuna yadda ake yi kafin zuwan wayar salula. Direban da ya dawo daga Kudu shi ne mai labari, kuma labarin da ya kawo ya riga ya kwana uku ko huɗu, ta yadda mutum kan yi lodi a kan farashin da tuni ya sauya. An ba da lasisin GSM a Najeriya a farkon 2001, kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, sabis kuma ya ɗauki wasu shekaru kafin ya game garuruwanmu. Abin da wannan ya haifar a kasuwa an auna shi a nan kusa da mu. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ke shiga garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan isowar waya. Kasuwannin Nijar da namu kuwa ɗanjuma ne da ɗanjummai, mutanen da ke cin kasuwar Gaya su ne ke cin ta Kamba, don haka ban ga dalilin da zai sa namu ya bambanta ba.

Ina so ka tsaya a kan wannan sosai, domin nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Tazarar nan da ta ragu, ita ce a da ribar falke. Wanda ya san cewa albasa ta yi tsada a kasuwar Bodija ta Ibadan alhali manomin Aliero bai sani ba, saninsa ɗin jari ne, kuma da shi yake cin abinci. Da labari ya zama na kowa, sai wannan jarin ya narke. Ga ƙasa baki ɗaya alheri ne, saboda kaya na tafiya inda aka fi bukatarsu, ba a jibge su a kasuwar da ta riga ta cika, mai ci kuma yana samun sauƙi. Ga ɗan sari irinka kuwa, ribar kowane buhu ta tsuke, abin da ke ceto shi shi ne yawan juyi, wato ya yi lodi uku a lokacin da a da yake yin ɗaya. A littattafai da dama da na duba, waɗanda suka ci gaba bayan zuwan waya su ne waɗanda kuɗinsu ke saurin dawowa su sake fita, ko da kuwa abin da suke samu a kan buhu bai kai na da ba.

Manomi fa? Aker ta sake wani bincike tare da wani masani mai suna Marcel Fafchamps a kan farashin da manoman Nijar ke karɓa, ba su kuma ga cewa shigowar waya ta ɗaga shi yadda aka zata ba. Wannan bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Manomin da ya ci bashin taki da na fetur ɗin injin ban-ruwa, ga mai bashi a ƙofar gida, ga albasa a ƙasa tana jiran rana ta lalata ta, ko ya san farashin Legas na kowace safiya dole ne ya sayar a ranar da ya cire. Kai ka san yadda albasa take faɗuwa warwas lokacin da ta rani ta fito, ka kuma san yadda take tashi a ƙarshen damina, wani lokaci har ta ninka sau da yawa. Mai cin wannan tashin shi ne mai wurin ajiya mai iska da kuma jarin da zai iya jira da shi. Labarin farashi yana amfanin wanda ke da ikon cewa albarka ya juya baya, wanda ba shi da wannan iko kuwa sai dai ya ƙara masa takaici. Na sha faɗa, kuma zan sake faɗa, da jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan garinku da ƙungiyoyin manoma za su haɗa kai su samar da ma'ajiyar albasa mai araha wadda ke rage ruɓewa, da amfanin hakan ga aljihun manomi ya zarce na kowace manhajar waya.

Yanzu bari mu zo kan kafafen sada zumunta su kansu. Abin da suka ƙara a kan kiran waya na da shi ne gani, kuma gani ya kori ji. A yau za ka zazzage buhu a gaban kyamara, mai saye a kasuwar Mile 12 ta Legas ya ga girman 'ya'yan da launinsu da bushewar wuyansu, ku yi tayi da sallama kafin mota ta tashi. Saƙon murya ma ya yi wani aiki da ba a cika ambatonsa ba, domin ya shigar da dubban 'yan kasuwar da ba su yi boko ba cikin harkar, ba sai sun nemi yaro ya rubuta musu ba, ga shi kuma maganar da aka yi tana nan a ajiye idan gardama ta taso. Wannan duk a WhatsApp yake faruwa, tsakanin mutanen da suka riga suka san juna. Shi ya sa nake ganin cewa a sana'arka ta sari, WhatsApp ya fi TikTok amfani nesa ba kusa ba. Masu sayen cikin mota guda na albasa a Najeriya ba su da yawa, mafi yawansu kuma an san su a kasuwanninsu. Mutum dubu ɗari da za su kalli bidiyon ɗanka, akasarinsu masu sayen albasar miya ne a bakin titi, ba za su taɓa neman buhu hamsin ba.

Waɗanda shafukan da kowa ke gani suka sauya wa rayuwa da gaske su ne masu kayan da ba sa saurin lalacewa, marasa nauyi, masu daraja, waɗanda za a iya ɗaurewa a ba direba a tasha ya kai. Kilishi, yaji, man shanu, turaren wuta, atamfa da leshi, busasshen kifin Yauri, shinkafa 'yar gida da aka gyara aka tsince. A nan ne na ga abin da ya fi faranta mini rai a wannan harka, wato matan aure masu sana'a a cikin gida. A da, mace mai sana'a kasuwarta iyakar inda ƙafar 'yarta mai talla ko dillaliya ta kai. Yanzu tana ɗora hoto a sitatus na WhatsApp, ƙawar ƙanwarta da ke aure a Abuja ta gani ta yi oda, kuɗi su shigo asusunta ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Na san gidaje a Birnin Kebbi inda aka sauke wa yarinya farantin talla ta koma aji saboda wayar uwarta ta ɗauke mata aikin. Wannan riba ce da ba ta fitowa a littafin lissafi, amma a wurina tana cikin mafi girman abin da waɗannan kafafe suka yi wa jiharmu.

Sai batun dillali, wanda ɗanka ke son a sallama. Ina roƙon ka zaunar da shi ka lissafa masa ayyukan da dillalinka ke yi a kan la'adar da yake karɓa. Haɗa ka da mai saye shi ne mafi ƙanƙanta a ciki, kuma shi kaɗai ne shafin intanet zai iya karɓa daga hannunsa. Dillali ne ke samar maka wurin sauke kaya, shi ne ya san wanda ke biya da wanda ke da taurin bashi, shi ke tsayawa lamuni idan an ba da kaya sai an sayar, shi ke bin kuɗinka bayan ka dawo gida, kuma idan rigima ta tashi shi ke kai ta gaban shugabannin kasuwa, inda mai laifi ke jin kunyar idon da ya san shi. Mutumin da ka haɗu da shi a Facebook ba shi da rumfar da za a je a same shi, ba shi da shugaban da za a kai ƙararsa, yana iya goge shafinsa cikin daƙiƙa guda.

Akwai wani ɗan kasuwar shinkafa da nake duba wa lissafi, wanda ya samu mai saye ta wannan hanya. Karo na farko da na biyu mutumin ya sayi buhuna kaɗan, ya biya nan take ba gardama. A karo na uku ya nemi kaya masu yawa, da mota ta isa sai ya turo hoton rasit na tura kuɗi, ya ce sabis ne ya riƙe alat ɗin. Aka umarci direba ya sauke. Kuɗin ba su taɓa shigowa ba, lambar kuma ta daina shiga. Ribar shekara guda ta tafi a yammaci ɗaya, har ta taɓa uwar kuɗi. Ƙananan cinikin farko tarko ne da aka ɗana don a sayi yardarsa. Tun daga lokacin nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne, sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga abin da ke ciki ya ƙaru.

Yarda kuma hanya biyu gare ta, mai saye ma yana tsoronka. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki idan an siffanta shi siffantawa mai gamsarwa, kuma idan kaya suka zo saɓanin siffar, mai saye yana da damar fasawa. Cinikin waya kusan dukansa a kan wannan yake tsaye. Ka san kuma hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Wanda ya ɗauki bidiyon bakin buhu inda manya suke, ya ɓoye ƙanana da masu tsiro a gindi, abin nan ne dai ya aikata. Bambancin zamaninmu shi ne labarinsa ba ya tsayawa a rumfa guda. Hoto ɗaya da mai saye zai jefa a zauren WhatsApp na 'yan albasa ya isa ya ɓata sunan da aka shekara ashirin ana ginawa, kamar yadda shaidar kirki daga bakin mutum ɗaya take iya kawo masu saye biyar.

Idan ka tambaye ni wane ɓangare ne na wannan zamani ya fi taɓa tattalin arzikinmu, zan ce tura kuɗi ne, tun kafin a zo maganar shafuka. Ka tuna lokacin da ake ɗinke kuɗi cikin buhu ko a ɗaura su a ƙugu, a biyo hanyar Jebba da Mokwa da Kontagora da Yauri, zuciya na dukan uku-uku har a iso Jega. Tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna ya fara aiki a 2011, Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki a 2013, lambar tantance masu asusu ta BVN ta zo a 2014, amma mafi yawan 'yan kasuwarmu ba su rungumi abin ba sai da wuya ta kai su bango. A ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma a watannin Janairu da Fabrairu na 2023 tsabar kuɗi suka ɓace daga kasuwanni. Abin ya faɗo daidai lokacin da kayan rani ke fitowa, manoma suka riƙa karyar da kaya ga duk mai tsaba a hannu. Maƙwabciyarmu Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Wahala ce da ban yi fatan a sake ganin irinta ba, amma bayanta mai shayi da mahauci da ɗan acaba duk sun mallaki asusu a OPay ko Moniepoint ko PalmPay, kuma ba su koma baya ba.

Amfanin wannan ga mai sari a bayyane yake. Kuɗin da a da ke kwana huɗu a hanya yanzu suna isowa kafin direba ya juyo, ka sake sayen wasu kaya da su washegari, juyin nan da na ambata ke nan. Akwai kuma wani amfani da 'yan kasuwarmu ba su farga da shi ba: bayanin shige da ficen kuɗi a asusu shaida ce. Mutumin da ba shi da takardar fili da zai jinginar, idan yana da asusun kasuwanci mai shekara biyu yana nuna juyinsa, yana da abin da zai ajiye a gaban mai ba da jari ko abokin haɗin gwiwa. Wannan ba ya yiwuwa idan kuɗin cefane da na biki da na albasa duk a asusu ɗaya suke gauraye. Sai dai a riƙa lissafa cajin da ake cira, na mai POS da na banki da harajin naira 50 da gwamnati ke karɓa a kan turin da ya kai naira 10,000. Ga mai tura miliyoyi ba wani abu ba ne, ga mai ƙaramin jari da ke cirewa kullum kuwa, idan aka tara na wata yana iya cinye ribar kwana biyu ko uku.

Wani abin da nake so ɗanka ya riƙe shi ne cewa duk wannan gini a kan filin aro yake. A farkon Satumba 2021 aka katse sabis na waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako. Gusau ba ta samu sabis ba sai a farkon Oktoba, sauran yankuna kuwa sun kusa wata uku a haka. Na'urorin POS suka zama kwalaye, mutane suka riƙa tafiya jihohin maƙwabta don su yi kira ɗaya ko su tura kuɗi, 'yan kasuwar Talata Mafara da Shinkafi da Kaura Namoda suka koma aika saƙo a bakin direba. A shekarar dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairu 2022, kuma a ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A watan Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka kasa aiki yadda ya kamata. Shafi kuma kamfanin da ya mallake shi yana iya rufe shi ba tare da ya nemi jin ta bakinka ba, ɓarawo ma yana iya ƙwace shi da lamba shida da ya yaudare ka ka karanta masa. Saboda haka sunayen abokan ciniki da lambobinsu da bashin da ke kan kowa su kasance a rubuce a littafi na takarda, a cikin akwati.

Game da tambayarka ta biyu, ko jiha na samu ko tana asara, sai a dubi abin da ke fita da abin da ke shigowa. Wayar kanta daga waje aka kawo ta. Kuɗin data suna tafiya ga kamfanonin da hedikwatarsu ba a nan take ba, kuma a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin talla a Facebook da Instagram suna zuwa kamfanin Meta na Amurka, tun Janairu 2022 kuma ana ɗora musu harajin VAT na kashi 7.5. Abin da ke zama a gida shi ne sana'o'in da suka tsiro a gefe, masu POS da masu gyaran waya da masu caji da yaran da ke kai saƙo, kuma ba zan raina su ba, domin gidaje da yawa da su suke ci. Amma jiha tana ƙaruwa ne idan wayar ta sa kayanmu sun fita kuɗin waje sun shigo. Idan abin da take yi shi ne kawo mana tallan kayan wasu mu saya, to aljihunmu ne ke ramewa. A nan ma dole in ambaci tsare-tsaren damfara da ke yaɗuwa ta zaurukan waya da alkawarin ninka kuɗi, irin su MMM da ya daskare a Disamba 2016 da CBEX da ya rushe a Afrilu 2025. Jarin da ya kamata ya shiga gona ko rumfa da yawa ya bi ta wannan rariya.

Dubi shinkafa ka ga abin da nake nufi. Abin da ya ɗaga sunan Kebbi shi ne noma da injinan sarrafawa: shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a nan jihar a Nuwamba 2015, haɗin gwiwa da Legas da ya haifar da shinkafar Lake Rice a Disamba 2016, masana'antar Labana a Birnin Kebbi da ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Sai da shinkafar ta samu sannan waya ta samu abin tallatawa. Haka kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin ban-ruwa ya hau kan manomi, tsadar man dizal da lalacewar hanya da shingaye kuma suna kan motarka, babu wani shafi da zai rage ko naira ɗaya a cikinsu. Har ma akwai wata illa da yaɗuwar labari ta kawo wa masu kayan gwari: da zarar an ce farashi ya tashi a kasuwa kaza, kowa a zaure ya ji a lokaci ɗaya, motoci ashirin su nufi wuri guda, kafin su isa kasuwa ta cika farashi ya karye. Wani lokaci ma da gangan ake sakin labarin don a jawo kaya. Labarin da ya zo a zaure, sai ka kira mutum biyu da ka yarda da su a kasuwar kafin ka ɗora buhu ɗaya.

Shawarata ita ce kada ka kashe wa yaron gwiwa, domin akwai aikin da zai yi maka wanda kai ba za ka iya ba. Ya yi wa kasuwancin rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya buɗe asusu da wannan suna, ya sa WhatsApp Business a layi na dabam wanda ba na hira ba, ya kulle shi da lambar sirri ta biyu. Ya riƙa ɗaukar bidiyon kowane lodi tun daga awo har ɗauri, da lambar mota. Idan yana son sababbin masu saye, ya nemi matsakaita, wato masu gidajen abinci da otal-otal da shagunan kayan miya a Abuja da Ilorin da Ibadan, waɗanda ke bukatar buhu biyar ko goma a kai a kai, kuma su ne dillalin babbar kasuwa bai cika kula da su ba. A wurin irin waɗannan ne shafin Facebook zai iya yin rana. Sharaɗin kuwa kada a sassauta shi ga baƙo: kuɗin kaya su shiga asusu kafin mota ta tashi, ko aƙalla kafin a sauke, komai yawan cinikin da aka yi da shi a baya.

Ka ware masa kaso kaɗan na kayan bana, misali buhu ɗaya cikin kowane goma, ya gwada hanyarsa da shi, sauran su bi hanyar da ka saba. Ya buɗe shafi biyu a littafi, ɗaya na kayan dillali ɗaya na kayan waya, a kowanne ya rubuta kuɗin saye da na dako da la'ada ko kuɗin data da talla da cajin banki, da buhunan da suka lalace, da kwana nawa kuɗi suka yi kafin su dawo. Wannan na ƙarshe kada ya manta da shi, domin shi ne mutane suka fi mantawa. Idan albasar rani ta ƙare ku zauna ku kwatanta. In hanyarsa ta fi, ku ƙara mata kaso baɗi. In ba ta fi ba, ku riƙe WhatsApp da asusun, kuɗin tallan kuma ku zuba su wajen gyara ma'ajiya. Kafin a fara komai kuma, ka kira dillalinka na Mile 12 ka gaya masa da bakinka abin da kuke shirin gwadawa, kada ya fara jin labarin a bakin direbobi.